Rabon Mai Kala a Gonar Zamani

A ɗauki misalin 'yan mata biyu da suka gama sakandare a shekara ɗaya, suka kuma zauna kusa da juna a ɗakin jarrabawar shiga jami'a. Ta fari ta tashi a gidan da akwai kwamfuta a falo, tun tana firamare take wasa da ita. Ta biyu daga ƙauye ta fito, ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, sai da mahaifiyarta ta sayar da masarar da ta ajiye kafin a biya mata kuɗin rajista, amma ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai wannan safiya. Da aka ce a fara, ta fari ta shiga amsa tambayoyi. Ta biyu kuwa hannunta na rawa, tana neman inda za ta danna, tana tsoron kada ta taɓa wani wuri aikin duka ya ɓace, agogon da ke jikin allon kuma yana ta cin lokacinta. Ranar da sakamako ya fito za a ce ɗaya ta fi ɗaya ilimi, alhali abin da aka auna ya haɗa da irin gidan da aka haifi kowacce.

Wannan misali yana faruwa kowace shekara. Hukumar JAMB ta soma gwada yin jarrabawarta da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina amfani da takarda da fensir gaba ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce ta koma wannan hanya. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN ta masu ajiya a banki. A ƙarshen 2020 gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi ta intanet, sauran suka yi watanni a gida. A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuyar samu, wanda bai iya tura kuɗi ta waya ba ya sha wuya kafin ya sayi ko gishiri. Neman aiki, da duba sakamakon jarrabawa, da karɓar fansho, duka sun bi ta wannan ƙofa.

Tambayar da ke gaban iyalai ke nan: yaron da iyayensa ba su da halin saya masa kwamfuta, akwai wani hakki nasa a wuyan maƙwabta, ko kuwa wannan nauyin gidansu ne kaɗai? Wanda ya taimake shi alfarma ya yi masa, ko bashi ya biya?

Mutane da yawa za su amsa cewa alfarma ce. A ganinsu, mutum ya yi guminsa ya saya wa 'ya'yansa abin da ya iya, bai ƙwace na kowa ba, don haka ba wanda yake binsa kome. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, gama ba laifi ba ne uba ya tanada wa gidansa. Amma Littafi Mai Tsarki ya ajiye wata ƙa'ida da ta wuce nan. A Littafin Firistoci sura 19, an umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, ya bar shi domin matalauci da baƙo. Gonar tasa ce, guminsa ne, duk da haka an ce wani yanki na amfaninta rabon wani ne. Da wannan ƙa'ida Rut, gwauruwa kuma baƙuwa daga Mowab, ta yi kalar sha'ir a gonar Bo'aza har ta ciyar da kanta da surukarta.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, an sa kala a cikin doka, ba a bar ta ga ranar da mai gona ya tashi da farin ciki ba. Na biyu, ba a ce a ɗaura dami a kai wa matalauci gida ba. An buɗe masa gona ne ya shiga ya sunkuya ya tsinta da hannunsa, ya koma gida da abin da ya yi aiki a kai, mutuncinsa yana nan. A yau gonar da ake girbin abinci a cikinta ta faɗaɗa. Takardar shaida, da aikin ofis, da ciniki da mutumin da ke wani gari, duka amfanin gona ne, hanyar shigarsu kuwa ta bi ta na'ura. Jama'ar da ta bar wannan hanya a hannun masu kuɗi kaɗai ta girbe gonarta har gefe.

Wannan ba sabon aiki ba ne a ƙasar nan. Kakannin masu karanta wannan mujalla da yawa sun koyi baƙi da wasali a ƙarƙashin itace, ko a cikin majami'ar ciyawa da yamma bayan an taso daga gona, a hannun mai bishara wanda shi ma bai wuce aji kaɗan ba. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ajin karatu ya bi shi ƙauye ƙauye. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci domin manya. Ba wanda ya jira sai kowane gida ya mallaki littafi. Allo ɗaya da fitila ɗaya sun ishi unguwa, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Malamai da ma'aikatan jinya da lauyoyin da suka fito daga waɗannan ƙauyuka, daga wannan ajin yamma asalinsu yake. Wanda ya ci moriyar wancan aiki, in aka zo maganar kwamfuta ya ce kowa tasa ta fisshe shi, ya manta da tsanin da ya hau.

Duk da haka, akwai masu ja da baya bisa dalilai masu nauyi, kuma ya dace a saurare su. Na farko shi ne yunwa. Za a ce, a garin da gwauraye ba su da abin sa wa a tukunya, a asibiti kuma babu magani, ina dalilin kashe kuɗin jama'a a kan na'ura? Hakika mai jin yunwa ba ya karatu, kuma in zaɓi ya tsaya tsakanin abincin yau da kwamfuta, abinci ne gaba. Amma manomi ko a shekarar fari ba ya cinye irinsa. Marayan da aka ciyar yau, aka bar shi ba abin da zai ci jarrabawa ko ya sami aiki da shi, za a sāke ciyar da shi baɗi, wata rana kuma a ciyar da 'ya'yansa. Kulawa ta gaskiya takan raba abin da ke hannu, kashi ɗaya na tukunya, kashi ɗaya na shuka.

Dalili na biyu shi ne tsoron lalacewar tarbiyya. Iyaye suna jin labarin samarin da suka mai da intanet wurin damfara, da hotunan batsa, da cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin makaranta. Wannan tsoro yana da tushe. A 2007 an raba wa ɗaliban wata makarantar firamare a gefen Abuja ƙananan kwamfutoci, a ƙarƙashin shirin nan na ƙasashen waje mai burin ba kowane yaro tasa. Ba a daɗe ba labari ya fito a jaridu cewa waɗansu yaran suna buɗe shafukan batsa da su. Darasin da ke ciki shi ne, na'ura ba ta renon yaro. Sai dai hana ta ma ba ya tsare shi, gama wayar abokinsa tana nan, kuma tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001 ta kai ƙauyuka da yawa. Yaron da ya fara koyo a ɗaki mai haske, allon yana fuskantar ƙofa, babba yana zaune kusa, ya fi samun kariya a kan wanda ya koya a ɓoye a bayan shago. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na uku shi ne abin da ido ya sha gani. An sha kawo kwamfutoci kyauta, a yi biki, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan shekara ɗaya a tarar da su a rufe da zane, ƙurar hunturu ta cika su, ba wuta, ba mai gyara, mabuɗin ɗakin kuma yana aljihun wani da ya yi tafiya. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma akwai misalin da ya nuna wata hanya. A 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, wadda ta yi zamanta a Bayan Loko a Kafanchan, kudancin Jihar Kaduna. Ta fara da ba mata ƙananan rance domin sana'a, sa'an nan ta shiga koyar da kwamfuta da tsofaffin na'urorin da aka gyara. Zafi da ƙura da rashin wuta sun yi ta kashe na'urorin, abin da ya sa ta koma ga hasken rana, ta kuma horar da matasan wurin su iya gyara. Daga baya ta kafa hanyar intanet marar waya mai suna Zittnet domin makarantu da cibiyoyin da ke kewaye. Abin lura a nan shi ne tsarin: an fara da mutane da bukatunsu, na'ura ta biyo baya.

Saboda haka jama'ar da ta ƙudura yin wannan aiki, ko ikkilisiya ce, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko zumuntar mata, tana da tambayoyin da za ta amsa kafin ta sayi kome. Wa zai koyar, kuma me za a riƙa ba shi? Ina wuta za ta fito? Kwamfutar cinya ba ta cin wuta kamar ta tebur, tana kuma da batir a jikinta, don haka guda huɗu ko biyar da farantin hasken rana sun fi ashirin da ke jiran janareto amfani. Ba kowane darasi ne yake bukatar intanet ba. Koyon buga rubutu, da riƙe linzami, da gwajin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, duka ana yinsu ba tare da an sayi data ba. Ɗan kuɗi kaɗan da masu hali za su riƙa biya zai sayi batir ranar da ya mutu, a kuma yafe wa marayu a asirce. Al'adar gayya da adashi sun riga sun koya wa mutane yadda ake haɗa ƙarfi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai a nan ne ainihin gwajin yake. Wurin da aka buɗe domin kowa yakan koma na waɗanda suka riga suka iya, domin su ne ba sa jin kunyar zama a gaban na'ura. 'Yan maza sukan mamaye kujeru da yamma, lokacin da 'yan mata suke ɗiban ruwa da girki. 'Ya'yan dattawa da na masu baiko mai kauri sukan sami shiga kafin ɗan gwauruwa. In haka ta faru, an tara kuɗin talaka an ƙara wa mai shi. Ya kamata a ware wa 'yan mata sa'o'insu, iyaye kuma su sake su daga aiki a waɗannan sa'o'i. Ya kamata a tuna da tsohuwar da ke miƙa katin bankinta da lambar sirrinta ga wanda ba ta sani ba domin ya cire mata kuɗi. Awa biyu na koyarwa za su iya tsare mata abin da ta tara shekaru. Ya kamata kuma ƙofar ta kasance a buɗe ga ɗan maƙwabci ko da ba addini ɗaya ake yi ba, ba tare da an sa masa wani sharaɗi ba. Dokar kala ta ambaci baƙo da sunansa, Rut ma ba 'yar ƙasar ba ce.

Wanda aka buɗe wa gona shi ma yana da nasa nauyi. Saurayin da jama'a suka koya wa wannan sana'a, in ya juya ya yi damfara da ita, ya ci amanar gari duka, ya kuma rufe ƙofa ga na bayansa. Hanya mafi kyau ta biyan wannan bashi ita ce ya zauna ya koya wa wani. Ɗalibin jami'a da ya zo hutu, da ma'aikacin da ke da tsohuwar kwamfuta a cikin akwati, da malamar da ta yi ritaya, kowannensu yana da gefen gonar da zai iya bari.

Gwamnati tana da nata alhaki, akwai kuma hukumomin da aka kafa domin wannan, kamar NITDA wadda ta fara aiki a 2001. Daidai ne a riƙa tuna musu da shi. Amma ranar jarrabawa ba ta jiran kasafin kuɗi. Yarinyar nan ta ƙauye ba kwamfutar kanta take nema ba. Abin da ya raba ta da wadda ke kusa da ita bai wuce 'yan makonni na zama a gaban na'ura ba, tare da wani mai haƙuri da zai ce mata ta danna, ba abin da zai fashe. A kusan kowace unguwa akwai gidan da ke da na'urar, akwai kuma mutumin da ke da sanin. Kafin a buɗe rajistar baɗi, ya dace dattawa da iyaye su zauna su ƙirga yaran da za su rubuta jarrabawa a cikinsu, su tambayi kowane ɗaya ko ya taɓa zama a gaban kwamfuta, sa'an nan su sa rana.