Tsohon da ke Zaure Ya Ga Bama

Ɗana, idan a danginku akwai tsohon soja da ya je yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, ko da ya riga mu gidan gaskiya, ina so ka san ko wane ne shi kafin labarinsa ya bi shi kabari. Wanda ya sa kaki yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya haura ɗari. 'Yan ƙalilan ne suka rage, su ma ji da gani sun soma yi musu nisa.

Turawan Ingila ne suka ɗebi samari daga Najeriya, da Gana ta lokacin da ake kiranta Gwalkwas, da Saliyo da Gambiya, suka kafa runduna ta 81 da ta 82. A bataliyoyin Najeriya Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu ba, aka sa shi a jirgin ruwa daga Ikko har Indiya. Daga nan runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a yankin Arakan, dajin da mota ba ta ratsawa. A ka suka yi dakon harsashi da abinci, jiragen sama na jefo musu guzuri, ga ruwan damina ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓin sauro, ga sojan Japan a ɓoye cikin duhuwa. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Da yawa ba su ga gida ba sai 1946, kuma kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na sojan Bature mai muƙami irin nasu ba. A Accra ta Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka fita neman haƙƙinsu, aka harbe uku daga cikinsu.

To amma yaƙin nan duka shekara nawa ne? Biyu, uku. Abin da ya biyo baya shi ne shekara sittin ko saba'in na riƙon gida, kuma nan ne nake ganin mun fi yi musu ƙwauron yabo. Wani ya zama direba, wani ɗan doka, wani masinja ko mai gadi, wani ya koma gona ya ɗauki fartanya. Da wannan ɗan abin ya ciyar, ya tufatar, ya yi sunan 'ya'ya, ya aurar da su, ya riƙe marayun ɗan'uwansa ba tare da an ji bakinsa ba. Da yawansu, saboda abin da suka gano a duniya, suka kai 'ya'yansu makarantar boko a zamanin da maƙwabta ke ɓoye nasu. Ƙila takardar shaidar da kake taƙama da ita daga can ta samo asali. Mu kuwa abin da muka riƙe na tsohon shi ne zafin rai da tashin asuba, har yara na kwaikwayon tafiyarsa. Ba wanda ya tambayi abin da ke hana shi barci.

Saboda haka idan yana raye, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka zauna. Kada ka fara da tambayar mutum nawa ya kashe. Tambayar yara ce. Tambaye shi sunan abokin da bai dawo ba, da yadda ya haɗu da kakarka, da shekarar da abinci ya yi wuya a gidan da yadda aka fita. Wayar da ke hannunka tana naɗar murya, ka nemi izininsa ka naɗa. In ya yi shiru, ka ƙyale shi.

Idan kuma ya rasu, faretin 15 ga Janairu da gwamnati ke yi don tunawa da mazan jiya ba zai sauke maka nauyi ba. Tsohuwar da ya bari tana buƙatar cefane da magani. Lambobin yabonsa da takardar sallamarsa, ka cire su daga ƙasan adaka kafin gara ta riga ka. Ka kai ziyara gidajen da yake zumunci da su, ka yi masa sadaka da addu'a, sannan ka tara ƙannenka ka faɗa musu cikakken sunansa da inda ya je.