Hayaƙin motarka, haƙƙin wa ka ɗauka?

'Yan'uwa, akwai tambayar da nake so mu tsaya a kanta. Mun san kawar da abu mai cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. To, wanda ya ɗauke ƙaya ya samu lada, shi kuma wanda ya turnuƙe hanyar da baƙin hayaƙi fa?

Je ka Bata ko bakin Kantin Kwari a Kano bayan La'asar. Adaidaita sahu sun cushe, kowa injinsa a kunne, mai tallan ruwa da jaririn da ke goye suna ta shaƙa. Ba su da mota, amma su ke kwana da tari. Ni dai a ganina zalunci ne, don dai ba a ganin hannun mai yin sa.

An hana acaɓa a Kano a 2013, cunkoso bai tafi ba, taya ɗaya kawai ya ƙara. Legas kuwa tun 2008 ta ware wa manyan bas layinsu, ga shi bas ɗaya tana kwashe fasinjan adaidaita fiye da 10. Wannan amana ce a wuyan hukuma. Amma motarka mai shan baƙin mai, Alhaji, kai ta wajen bakanike ba sai gwamna ya sa hannu ba.