Fili Mai Araha, Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin?



A 'yan shekarun nan, duk inda mutum uku suka zauna a unguwar nan, ko bayan sallar Juma'a ko wurin suna ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi ba a yi maganar fili ba. Wane ya sayi fuloti a Mowe, wane ya kama rabi a Ibafo, wane ya kai bulo Sango Ota, wane kuma ya ce shi sai Ikorodu. Abin farin ciki ne. Kakanninmu sun zo Ikko bin goro da shanu, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma da yawansu sun rayu sun rasu suna cewa baɗi za su koma gida. Yau jikokinsu na aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da bankuna, da ofisoshin Ikeja, wasu na kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba, kuma sun gane cewa a nan 'ya'yansu za su girma.

Babu wanda zai zargi mai son fita daga haya. Mun san ciki da falo da ke ɗauke da mutum takwas. Mun san banɗaki ɗaya na gida guda, da layin bokiti tun asuba. Mun san mai gida da ke ƙara kuɗi duk shekara, ga kuɗin ejen, ga na yarjejeniya. Wanda Allah Ya buɗa masa ya ce zai samar wa iyalinsa wurin da ba mai buga musu ƙofa da takardar tashi, ya yi abin da ya kamata. Tambayarmu tana wani wuri dabam: idan mutum ya tashi zaɓar unguwar da zai kai iyalinsa, da wane ma'auni zai auna, kuma haƙƙin wa ke kansa?

Yawancinmu abu biyu muke dubawa, kuɗin fili da nisan wurin aiki. Shi ma nisan, da kuɗin mota muke auna shi. To amma akwai wani abu da ba kasafai muke lura da shi ba. A cikin duk mutanen da za su zauna a gidan nan, mai sayen ne zai fi kowa ƙarancin zama a cikinsa. Shi zai fita da duhu ya dawo da duhu. Matarsa ce za ta wuni a ciki, 'ya'yansa ne za su tashi a titin, tsohuwarsa ce za ta kwanta ciwo a ɗakin. Ke nan mutum yana yanke hukunci ne a kan rayuwar wasu, da kuɗinsa, sau da yawa ba tare da ya tambaye su ba. Duk inda aka ce wani ke zaɓa wani ke ɗauka, to maganar ta zama ta adalci, ta wuce ciniki.

Bari mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ce mutum yana aiki a Apapa ko a Tsibirin Legas, ya gina gida a Mowe. A ce sa'a biyu yake yi a hanya da safe, biyu da yamma, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a doguwar gadar nan ta kafin Berger ya san ba mu yi ƙari ba. Sa'a huɗu a rana, kwana shida a mako, sa'a 24 ke nan. Yini guda da darensa duk mako, yana zaune a danfo. A shekara kwana 52, wato dab da wata biyu. Wannan wata biyun daga aljihun wa aka ciro shi? Daga wurin yaron da ke barci lokacin da ubansa ya fita, yana barci lokacin da ya dawo. Daga wurin matar da ba ta da wanda za ta gaya wa damuwarta sai waya. Daga sallar asuba da isha'i cikin jam'i. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Filin ya yi araha ne saboda akwai cikon kuɗin da za a riƙa biya kullum, kuma ba mai sayen kaɗai ke biya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shi kansa kuɗin motar ya zama haya ta biyu ga mutane da yawa.

Wani zai ce, ai Malam, wahalar nan saboda su nake yi. Gaskiya ne, kuma Allah Ya saka. Amma malaman fiƙihu da suka lissafa haƙƙin mace a kan miji, sun sa mazauni tare da ci da sha da sutura, kuma mazauni ya wuce bango da rufi. Matar da ta tashi a Zango, inda in ta haihu tukwane ke shigowa daga gida biyar, inda in yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare akwai ƙofar da za ta buga, in aka ɗauke ta aka ajiye a sabuwar unguwa, hagu kango dama ciyawa, ba asibiti kusa, hanya ta lalace da damina, an ba ta gida amma an raba ta da mutane. Wasu matan suna so, sun gaji da tsegumin gidan haya, kuma su ma da gaskiyarsu. To ai sai an tambaya za a sani. Shawara da iyali ba ta rage wa namiji komai, kuma ita ta fi shi sanin abin da yini a gida ke buƙata.

Sai maganar yara. A nan Agege yaro na fita makarantar boko ya dawo ya wuce Islamiyya da ƙafarsa. Yana jin Hausa a titi, yana jin Yarbanci a kasuwa, yana tashi da biyun. In ya yi rashin kunya a layi, akwai dattijon da zai ja kunnensa kafin labari ya iso gida. Wannan tarbiyyar ba mu biya ta da kuɗi, shi ya sa ba ta shiga lissafinmu ranar da muke auna fili. Sai an rasa ta ake sanin tsadarta. Haka ranar mutuwa. Wanda ya rasu a cikin jama'arsa, kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. A wasu sababbin unguwannin, sai an nemi mota an dawo da gawa cikin gosulo.

Kada a ɗauka muna cewa kowa ya zauna a Zango har abada. Wannan ma ba gaskiya ba ce, kuma ba za ta yiwu ba. Unguwar ta cika. Cunkoson da ke ba yaro Islamiyya shi ne kuma ke nuna masa masu shaye-shaye a lungu. Akwai yaran da barin unguwar ne ya cece su. Sannan ita kanta Zango ai wasu ne suka bar garuruwansu suka kafa ta a dajin goro. Da sun ce ba za su rabu da dangi ba, da ba mu nan.

Akwai kuma masu cewa zama wuri ɗaya shi ne tsaronmu in rikici ya tashi. Ba mu raina wannan tsoron ba. Mun tuna Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Shasha ta Ibadan a 2021. Amma mu dubi waɗannan wuraren da kyau: ai duk inda muke da yawa ne. Yawa bai hana wuta ba. Kuma a irin waɗannan ranaku, labarin da muke ji daga bakin waɗanda suka tsira sau da yawa shi ne wani maƙwabci Bayarabe ya buɗe ƙofa ya ɓoye su, kamar yadda a Arewa ma akan samu Bahaushen da ya ɓoye baƙonsa. Abin da ke tsare mutum a baƙon wuri shi ne a san shi, a san halinsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar magabata cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. Mu mukan fassara ta da cewa a nemi inda Hausawa suke. Fassarar ta yi ƙunci. Addininmu bai ce haƙƙin maƙwabtaka sai ga mai yarenka ko mai addininka ba. Kuma a nan Agege muna da Markaz, makarantar da Shehu Adamu Al-Ilori ya kafa, shaida ce cewa ilimi da mutunci ba na ƙabila ɗaya ba ne. Maƙwabci nagari shi ne wanda in ya ga ɗanka a bakin rijiya zai janye shi, ko sunansa Alhaji ko Baba wane ko Fasto. Maganar kuma tana da fuska ta biyu da muke mantawa. Kai ma maƙwabcin wani za ka zama. In ka je sabuwar unguwa ka ɗaga katanga ta fi ta kowa, ba ka zuwa taron masu gidaje, ba ka ba da kuɗin gyaran taransifoma ko na 'yan sintiri, ba ka gaida kowa, matarka ba ta san sunan matar gidan da ke jikinku ba, to ka sayi fili ne, ba ka shiga unguwa ba. Ranar da za ka buƙaci mutane za ka tarar ba ka ajiye komai a wurinsu ba.

Akwai haƙƙin dukiyar kanta. Kuɗin fili yawanci gumin shekara goma ne ko fiye, wani lokaci har da adashin uwargida da 'yan kunnenta. Jefa shi a inda ba a bincika ba sakaci ne da amana. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan kowace jiha, don haka rasidin dangin masu ƙasa kaɗai ba ya isa. Sai an duba ko filin na cikin wanda gwamnati ta riƙe, an kawo safiyo, an nemi lauya. A tuna kuma Mowe da Ibafo da Sango Ota duk a jihar Ogun suke, takardunsu Abeokuta ake bi, ba Alausa ba. Su omo onile kuwa mun san aikinsu: kuɗin harsashi, kuɗin dakin, kuɗin rufi, wani lokaci fili ɗaya a sayar wa mutum uku. Jihar Legas ta yi dokar hana ƙwacen fili a 2016, amma doka ba ta maye gurbin bincike. Kuma in ka ji ana shari'a a kan fili tsakanin dangi, ko marayu na da haƙƙi a ciki, ka bar shi komai arahar sa. Gidan da aka aza a kan hawayen wani, ba a jin daɗin barci a ciki. Sai ruwa. Wuraren da ke gefen kogin Ogun, irin su Isheri da Kara da wasu sassan hanyar Ikorodu, sukan cika idan aka saki ruwan madatsar Oyan wajen ƙarshen damina. Filin da aka nuna maka a Janairu, koma ka gan shi a Oktoba.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓa wata al'ada tamu. Da yawa daga cikinmu sun gina manyan gidaje a Kano ko Sakkwato ko Katsina, an kulle, ƙadangaru ke kwana a ciki, ana zuwa sau ɗaya a shekara da babbar sallah, alhali iyali na nan a matse a ɗaki biyu. Ba laifi ba ne mutum ya yi gini a mahaifarsa, kuma mun san dalilin: wanda ya taɓa gudun rikici yana son ya san yana da wurin komawa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, nawa ne na tanadi a ciki, nawa ne na a ce wane ya yi gida? Yarinyar da ta balaga tana kwana ɗaki ɗaya da 'yan uwanta maza tana da haƙƙin da ya riga yabon mutanen gari.

To me muke ba da shawara? Kafin ka biya ko sisi, ka kwana a unguwar, ka fito ranar Litinin da asuba ka bi hanyar aikinka, ka duba agogo. Ka kai uwargida ta ga wurin da idonta, ta ga kasuwa da asibiti da inda ake samun ruwa. Ka tsaya ka yi sallah a masallacin da ke kusa, ka gaisa da mutane, ka tambayi wanda ya riga ka zama a can, kada ka tsaya ga maganar ejen. Ka duba wuraren da ke kan layin jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke tsayawa a Iju da Agege da Ikeja da Oshodi, domin rabin fuloti kusa da tasha zai iya fin fuloti biyu a inda sai ka hau mota uku. In kuma nesa ɗin ne ya zama dole, to kada a tafi ɗai-ɗai. Mutum biyar ko goma su haɗa kai su saya a jere, su ware ɗan wuri na masallaci da karatun yara, su haɗa kuɗin burtsatse, su bar famfo ɗaya a waje don maƙwabta. Haka aka kafa kowane zango da muka sani.

Ku kuma da kuka riga kuka tafi, zumunta a ƙafa take. Ku riƙa kawo yara su ga kakanninsu, mu ma da muka rage mu riƙa zuwa muku suna da gaisuwa ba sai an yi mutuwa ba.

Allah Ya ba mai nema, Ya sa albarka a gidajen da aka gina, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su. Amin.