Rabon kaguwa da rabon kare

A Ada, inda kogin Volta ke shiga teku a gabashin Gana, akwai mutanen da aikinsu shi ne bin bakin ruwa cikin dare suna neman sawun kunkuru. Wurin yana cikin gandun Songor, wanda ya shiga jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 1992. Daga wajen Oktoba zuwa Maris ne kunkurun teku suka fi fitowa yin ƙwai, har da wani jibgege mai taushin baya da nauyinsa kan haura kilo 300.

Aikin ba shi da wani armashi. Uwa ta fito, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe, ta koma ruwa, ba ta ƙara waiwayarsu. Ma'aikaci ya rubuta rana da wuri. In ramin ya yi kusa da inda igiyar ruwa ke kaiwa, sai a kwashe ƙwan cikin 'yan sa'o'i, ɗaya bayan ɗaya, ba a juya ko guda, domin da zarar ɗan tayi ya manne a jikin ɓawo, juyi kaɗan kan kashe shi. Sabon ramin ma sai ya yi zurfin na uwar, saboda zafin yashi ne ke yanke maza za a samu ko mata. Daga nan sai gadi na kusan wata biyu. Bayan duk wannan wahala, masana na ƙiyasta cewa cikin 'ya'ya 1,000 da ƙyar ɗaya ke girma.

Wani abokin mahaifina da na ba shi wannan labari ya ce min, “Ɗana, Allah da ya halicce su dubu ya san ɗaya zai rage. Su wane ne da za su gyara masa lissafi?” Ban ɗauki maganar wasa ba, don akwai gaskiya a ciki. Kaguwar da ke tsare hanya tsakanin rami da ruwa abincinta take nema, haka tsuntsu, haka kifi. Yawan ƙwan ma don yawan masu ci ne. Wanda ya ce sai ya ceci dubun nan duka ya shiga abin da ba huruminsa ba.

Sai dai na ce masa, “Baba, kare fa?” Karnuka da aladun da ke tone ramukan na gari ne, mu muka kawo su. 'Ya'yan kunkuru in sun ƙyanƙyashe haske suke bi, don sararin teku ya fi tudu haske, to fitila ɗaya a bakin gaɓa ta isa ta juya su zuwa cikin gari. Jibgegen nan abincinsa wata halitta ce mai yauƙi da ke yawo cikin ruwa, yakan haɗiyi leda a zatonsa ita ce. Yashin kansa raguwa yake yi, kuma madatsar Akosombo da aka gama a 1965 tana da hannu, don ta tare ƙasar da kogi ke kawowa gaɓa. Na san duk wannan bai fita daga ilimin Allah ba. Amma wanda shanunsa suka cinye gonar wani ba ya tsayawa gaban alƙali ya ce haka aka rubuta. A ganina mai gadin nan bai taɓa lissafin Ubangiji ba, ƙarin da hannunmu ya yi yake ragewa, kuma tunda kullum muke ƙarawa, dole kullum ya fito.

Inda maganar ta fi yi min nauyi shi ne wajen masunci. Kunkuru ya faɗa komarsa, ya yayyaga ta, dokar Gana tun 1971 ta ce kada ya kashe shi. Ba zan ce masa naman haram ne ba, don a mazhabarmu ta Malikiyya halal ne. Shugaba dai yana da ikon killace halal saboda amfanin jama'a, kuma Sayyidina Umar ya yi haka da wata makiyaya. Amma umarnin da ya ba mai gadinta, Hunayyu, shi nake so a tuna: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan. Dalilinsa kuwa, attajiri in dabbobinsa sun mutu yana da gona da dabino, talaka kuwa 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Halifa.

A bakin teku sau da yawa akasin haka ake gani: mai kwalekwale ke biyan kuɗin kiyayewa da komarsa, manyan jiragen kamun kifi kuwa suna can nesa inda sintirin dare ba ya kaiwa. Don haka duk littafin da ake rubuta yawan ramuka da ƙwai a ciki, ina so a buɗe masa shafi na biyu: koma nawa ta yage a bana, ta wa, kuma wa ya sayi zaren ɗinkinta.