Ladan Mai Gadi

Ko manhajar riga-kafi tana rage wa kwamfuta gudu? E, tana ragewa. Duk wanda ya ce maka ba ta taɓa komai, talla yake yi. Amma ni a ganina muhawarar ba a nan take ba. Abin tambaya shi ne: nawa ya halatta mai tsaronka ya ci daga cikin abin da yake tsare maka, kuma wa zai tsare ka daga shi kansa?

Mu fara da yadda abin yake aiki. Duk lokacin da ka buɗe fayil, ko ka sauko da wani abu daga intanet, ko ka soka filash, manhajar tana tare shi a ƙofa. Za ta gwada shi da jerin alamomin cututtukan da aka sani, sannan ta zuba ido ga halinsa, ko zai taɓa abin da ba huruminsa ba. Wannan bincike yana cin ƙarfin injin da wurin ajiyar wucin gadi. A sabuwar kwamfuta mai faifan SSD da wuya ka ji nauyin. A tsohuwa ta hannu, mai faifai mai juyawa da giga 4, irin wadda ta cika ofisoshinmu da ɗakunan tace murya, nauyin a fili yake, musamman in ta shiga binciken gaba ɗaya. Akwai cibiyoyi kamar AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya da suke auna wannan nauyi, kuma sakamakonsu yana nuna manhajojin ba ɗaya suke ba: wata sauƙi gare ta, wata kaya ce.

A aikinmu na rediyo jarabawar kullum ce. Saura minti biyar a shiga labarai, wakili ya kawo murya a filash ɗin da ya zaga shagunan tura waƙa, manhaja kuma ta ce sai ta duba. Na sha ganin abokan aiki sun kashe ta don haushi. Ban ga laifin haushin ba, amma lissafin ne bai cika ba. Jinkirin muna ganinsa, muna ƙirga shi da daƙiƙa. Ɓarnar da aka hana kuwa ba ta da hoto. Mai gadin da ya yi aikinsa da kyau, abin da zai nuna maka da safe shi ne babu abin da ya faru, kuma ɗan Adam ba ya iya godiya a kan babu.

Duniya ta ga kuɗin wannan gajen haƙuri a watan Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe ƙofar da cutar ta bi. Da yawa ba su saka ba, don sakawa tana tsayar da aiki. Sun guji asarar awa guda, suka yi ta kwanaki.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce riga-kafi ya fi magani, kowa ya watse. To amma akwai ɗaya ɓangaren. Kafin manhajar ta iya tsare ka, sai ka ba ta makullin kowane ɗaki. Tana ganin kowane fayil, tana sanin kowane shafi da ka leƙa. Babu wata manhaja da ka amince wa kamarta, saboda haka babu wadda kuskurenta ko cin amanarta ya kai nata zafi.

Kuskure ya faru. Ranar 19 ga Yulin 2024, wani sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice, tashar Sky News ta ɗauke daga iska na wani lokaci. Ba ɓarawo ya shigo ba, mai gadi ne ya yi tuntuɓe da makullai a hannunsa.

Cin amana ma ya faru. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5, bisa zargin sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun reshensa mai suna Jumpshot, alhali alƙawarinsa shi ne kare su daga masu bibiya. Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri.

Daga nan na fahimci jinkiri iri biyu ne. Akwai wanda ake yi dominka: duba filash, tace abin da ka sauko. Wannan lada ne, kuma biyansa adalci ne, kamar yadda edita ke riƙe labari har a tabbatar da shi ko da wata tasha za ta riga mu. Akwai kuma wanda mai gadi ke yi domin kansa: tallace-tallacen da ke faɗo maka, jan gargaɗin da ke tsorata ka don ka sayi babban kunshi, tarkacen da ba ka nema ba. Wannan ba lada ba ne, haraji ne a kan tsoronka. Kalmar "don tsaronka ne" gaskiya ce sau da yawa, shi ya sa ta fi kowace kalma daɗin fakewa.

Don haka ba na goyon bayan mai korar mai gadi, ba na kuma goyon bayan mai miƙa wuya ba tambaya. Abin da ya kamace mu shi ne mu san me yake ɗauka, don wa yake ɗauka, kuma ko muna da ikon sallamarsa. A aikace, manhaja ɗaya ta isa. Biyu a tare sai su riƙa binciken juna, kai ka zauna jira. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, Microsoft Defender. Binciken gaba ɗaya a tsara shi lokacin da ba a aiki. Sabuntawa kuma kada a yi ta ɗage shi.

Kwamfutar da ba a tsayar da komai a ƙofarta ta fi kowacce gudu, har ranar da za ta tsaya cak. Wadda kuma aka bar wa mai gadi ya yi yadda ya ga dama, a hankali za ta koma tasa. Tsakanin biyun nan mai hankali yake zama: ya biya ladan, ya kuma riƙa duba rasiɗi.