Ma'aunin ADHD a Samartaka: Cuta ce ko Hukuncin Mai Kallo?

Larurar da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa haɗe da yawan motsi da aikata abu kafin tunani, tana tayar da tsohuwar tambayar masana falsafa: shin cuta aba ce da ke zaune a jikin mutum ana gano ta, ko kuwa iyaka ce da al'umma ke shatawa tsakanin halin da take jurewa da wanda ya ishe ta? Kundin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya jera alamomi 18 a rukuni biyu, ya kuma sharɗanta a ga shida daga rukuni guda, ko biyar ga wanda ya kai shekara 17, sun ɗauki wata shida, wasunsu sun soma kafin shekara 12, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya. Babu gwajin jini da ke tabbatar da ita. Shaidar iyaye da malamai ce madogara, kuma nan gizo ke saƙar.

A wani bincike da aka wallafa a 1992 an nuna wa likitocin Sin da Indonesiya da Japan da Amurka bidiyon yara iri ɗaya, sai na Sin da Indonesiya suka ga ƙiriniya fiye da yadda sauran suka gani, alhali yaran ba su canza ba. Sai dai wannan bai isa hujjar cewa larurar ƙirƙirar Amurkawa ce ba, domin nazarin da Guilherme Polanczyk da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya ƙiyasta ta a kusan kashi 5 cikin 100 na yaran duniya, ya kuma danganta mafi yawan bambancin alƙaluma ga hanyar bincike.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne halin yana ko'ina, amma mutane ne ke yanke inda ya zama cuta. Lamarin ya fi wuya a samartaka, lokacin da tsalle-tsallen ƙuruciya kan koma rashin sukuni a zuci, kuma sai an dogara da tunin iyaye kan shekarun baya. Inda kunya ke hana saurayi katse maganar babba, kamar a gidajen Hausawa, alamar da kundin ke nema tana iya ɓuya a gaban likita, yayin da littafinsa na makaranta ke cike da aikin da aka fara ba a ƙarasa ba.