Wace Irin Waƙa Za Mu Rera wa Ubangiji a Kankiya da Kusada?

Karatu: Amos 5:21-24, Luka 1:46-55



Ranar 22 ga watan Nuwamba ta kowace shekara, Ikkilisiya takan tuna da Sisiliya Mai Tsarki, budurwar nan ta birnin Roma wadda ta ba da ranta saboda bangaskiya, wadda kuma mawaƙa suka ɗauka mai yi musu roƙo a gaban Allah. A ƙasarmu bikin nan yakan faɗo cikin kaka, an riga an kai gero rumbu, ana yankan dawa, ana roron wake, majami'u kuma suna shirin godiyar kaka. Lokaci ne na waƙa. Saboda haka muka ga ya kamata mu amsa wata tambaya da matasanmu na ƙasar Kankiya da ta Kusada suka sha yi mana.

Sukan ce: wayoyinmu cike suke da waƙoƙin Kirista, na Turanci da na Hausa, amma yawancinsu ko dai suna yi mana alkawarin mota da gidan bene, ko kuwa suna roƙon wuta ta sauko ta cinye magabta. Ina za mu sami waƙa mai duban gaba, wadda ta san halin da talaka yake ciki, wadda ba ta zagin maƙwabci, wadda ba ta mai da mace baya?

Tambayar nan tana da nauyi, gama abin da mutum ya rera shi yakan zauna masa a zuciya. Wa'azin da muka yi ranar Lahadi, kafin Laraba da yawa sun manta da shi, amma waƙar da aka rera a ranar za ka ji ta a bakin mai daka, da mai kiwo, da yarinyar da aka aika rijiya. A ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, waƙa ita ce katikis na biyu. Idan ta koyar da gaskiya, mun ci riba. Idan ta koyar da son abin duniya da ƙiyayya, mun yi shuka a kan dutse.

Allah ba ya karɓar kowace waƙa

Bari mu fara da annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, wanda ya yi annabci fiye da shekara 700 kafin haihuwar Ubangijinmu. A zamaninsa wuraren sujada na Isra'ila cike suke da jama'a, ana kiɗa, ana waƙa, ana miƙa hadayu. Amma a kasuwa ana rage mudu, a wurin shari'a ana karɓar hanci, ana tattake matalauci. Sai Allah ya aiko Amos ya shaida musu cewa ya gaji da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗansu ba, abin da yake so shi ne gaskiya da adalci su yi ta gudana kamar kogin da ba ya ƙafewa. Mu da muka san yadda rafukanmu suke bushewa da rani, mun san darajar ruwan da ba ya yankewa. Ashe daɗin murya kaɗai ba ya kai waƙa gaban Allah.

Sa'an nan mu dubi Uwarmu Maryamu. Yarinya ce daga Nazarat, ƙauyen da ba a ɗauke shi bakin kome ba, a ƙasar da baƙi suke mulka. Da ta isa gidan Alisabatu sai ta yi waƙar da Ikkilisiya take rerawa kowace yamma har wa yau. Ta fara da yabon Allah saboda abin da ya yi mata, ba ta tsaya a kanta ba, ta wuce ga jama'a. Ta shaida cewa Allah yana ƙasƙantar da masu girman kai da masu taƙama da iko, yana ɗaga na ƙasa, yana ciyar da mayunwata. Wanda yake neman waƙa mai duban gaba, to, ga uwar irin waɗannan waƙoƙi. Kafin Maryamu kuwa akwai Maryamu 'yar'uwar Musa, wadda ta ɗauki bandiri ta ja mata a bakin teku, da Debora, da Hannatu uwar Sama'ila. Littafi Mai Tsarki bai rufe bakin mata ba, mu ma kada mu rufe.

Abin da Ikkilisiya ta koyar

Waɗansu suna tsammani Ikkilisiyar Katolika tana gudun sabuwar waƙa. Ba haka ba ne. Ranar 4 ga Disamba, 1963, Babban Taro na Biyu na Batikan ya fito da dokarsa a kan sujada, aka keɓe babi na shida dungum ga waƙa da kiɗa. A sashe na 118 an ce a ƙarfafa waƙar jama'a, domin a ji muryar masu bi duka. A sashe na 119 an ce al'ummomin da suke da nasu kiɗa na gado, musamman a ƙasashen da Bishara ta shiga daga baya, a girmama kiɗansu, a ba shi wurin da ya dace cikin sujada. A sashe na 121 kuma an gargaɗi masu tsara waƙa cewa kalmominsu su yi daidai da koyarwar Ikkilisiya, su ɗebo su musamman daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in sujada.

Tun kafin taron ma 'yan'uwanmu na Kwango sun nuna hanya. A shekarar 1958, wani Fada mai suna Gido Hazan tare da yaran makaranta a garin Kamina suka rera addu'o'in Mas da karin waƙoƙin ƙasarsu da gangunansu, aikin da duniya ta sani da sunan Missa Luba. A 1988 Roma ta amince wa dayosis-dayosis na Zayar, wato Kwango ta yau, da wani tsari na yin Mas wanda ya dace da al'adarsu. Bayan taron bishop-bishop na Afirka na 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a kan wasiƙarsa ga Ikkilisiyar Afirka a birnin Yawunde cikin Satumba, 1995, inda ya nanata cewa lalle Bishara ta yi saiwa cikin al'adunmu, Ikkilisiya kuma ta zama iyalin Allah mai aikin adalci da salama.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Nikaraguwa ta Amurka ta Tsakiya. A 1975 mawaƙi Kalos Mejiya Godoi ya tsara waƙoƙin Mas na manoma, inda ya nuna Allah yana tare da leburori da masu noma cikin wahalarsu. Talakawa suka karɓe su hannu bibbiyu, mahukuntan ƙasar suka tsane su. Amma shugabannin Ikkilisiyar ƙasar ma ba su yarda a rera su cikin Mas ba, don suna ganin siyasa ta yi musu yawa. Abin da za mu koya a nan shi ne, waƙar adalci tana tafiya ne a kan siririyar hanya. Wajibi ne ta faɗi gaskiya a kan zalunci, amma bagaden Ubangiji ba dandalin jam'iyya ba ne.

Ma'auni huɗu

To, da me za mu auna waƙa kafin mu koya wa jama'a?

Na fari, wa take ɗaukakawa? Agustin Mai Tsarki, ɗan Afirka, bishop na garin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya faɗi cewa waƙoƙin Ikkilisiya sun sa shi hawaye a farkon tubansa. Duk da haka ya yi ikirari cewa duk lokacin da daɗin murya ya fi ma'anar kalmomin motsa shi, yakan ga ya yi laifi. Idan aka tashi daga sujada ana ta zancen mai kiɗa, ba wanda ya tuna abin da aka faɗa, sai mu sake dubawa.

Na biyu, me take faɗa wa matalauci? Waƙar da ta ce duk mai bangaskiya zai yi arziki, ta gaya wa gwauruwar da ba ta da kuɗin taki cewa bangaskiyarta ce ta gaza. Wannan ƙarya ce, ƙarya kuwa mai ciwo. Ubangijinmu an haife shi a wurin dabbobi, ya yi aikin sassaƙa, ya mutu a kan gicciye tsakanin ɓarayi. Waƙar da ba ta da wuri domin gicciye ba ta san Yesu ba.

Na uku, me take faɗa game da maƙwabci? A Kankiya da Kusada mu tsiraru ne, muna zaune cikin 'yan'uwanmu Musulmi. Kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, da yawa cikinmu ma kakanninmu ɗaya. Duk abin da muka rera da lasifika, suna ji daga bayan danga. Mun kuma san ciwon da jiharmu take ciki. Cikin watan Mayu, 2021, 'yan bindiga suka kashe Fada Alfonsus Bello a Malumfashi. Cikin Mayu, 2022, aka sace Fada biyu a Gidan Maikambo ta ƙasar Kafur. Amma harsashin nan bai tambayi addinin kowa ba, Musulmi masu ɗimbin yawa sun rasa rayuka da dabbobi da gonaki. Wanda ya sha irin wannan azaba yana da ikon yin kuka, Zabura kuwa cike take da kukan waɗanda aka zalunta. Sai dai kukan Kirista yakan ƙare da miƙa shari'a ga Allah da roƙon tuba ga mai laifi. Waƙar da take koya wa yaranmu su yi wa mutum fatan mutuwa, ba ta fito daga wurin wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara ba.

Na huɗu, jama'a za su iya rerawa? Idan 'yan ƙungiyar mawaƙa kaɗai suke rerawa da Turanci, tsofaffi suna kallo kamar baƙi a gidan ubansu, ba mu bi umarnin Ikkilisiya ba. Salon da muka gada, mai bayarwa ya bayar jama'a su amsa, shi ne ya fi dacewa da mu, shi ne kuma salon zaburar da ake amsawa cikin Mas.

Waƙa a bakin mai ita

Yanzu sai mu koma ga tambayar matasanmu: ina za a samu? Waɗansu suna nan tuni, ba mu kula ba ne. Ku zauna kusa da iyayenmu na Zumuntar Mata ranar taronsu, ku saurari abin da suke rerawa da kiɗan tulu. Za ku ji gargaɗi a kan shan giya, da zaman aure, da riƙon marayu, da sa yara makaranta. Da tsohuwar zuma ake magani. Waɗansu kuma suna cikin Zabura 150 da Allah ya ba mu, waɗanda da yawa cikinsu har yanzu ba mu sa musu karin Hausa a majami'unmu ba. Ku duba Zabura ta 72 a kan shugaba mai adalci, da ta 85 a kan salama, da ta 104 a kan halitta, da ta 146 a kan Allah mai tsaya wa waɗanda ake zalunta.

Sauran kuwa ba za a same su a waya ba, sai mu da kanmu mun tsara su. Wa zai zauna a Legas ko Amurka ya yi mana waƙa a kan manomin da ya sayar da amfaninsa tun yana gona don ya biya bashi? Wa zai rera mana game da itatuwan da muke sarewa ba mu dasa waɗansu, alhali marigayi Paparoma Faransis ya yi wa duniya gargaɗi a wasiƙarsa ta 2015 cewa kukan ƙasa da kukan matalauta tare suke tafiya? Wa zai yi waƙa a kan yarinyar da aka cire daga makaranta, ko saurayin da ƙwaya ta lalata? Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ƙasar nan ba ta rasa masu baiwa ba. A Musawa, nan kusa da mu, aka haifi Alhaji Mamman Shata, wanda ya riƙe kunnen ƙasar Hausa da kalangu har ya rasu a 1999. Allahn da yake raba baiwar waƙa bai tsallake 'ya'yanmu ba.

Lokacin ma ya yi. Ranar 16 ga Oktoba, 2023, Paparoma Faransis ya yanke Dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, ya zama makiyayinsa na fari. Sabon gida yana bukatar sababbin waƙoƙi da harshen masu gidan.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Matasa masu wayoyi, ku je wurin tsofaffi ku ɗauki muryoyinsu, ku rubuta kalmomin a littafi kafin su tafi da su kabari. Masu tsara waƙa, kada ku koya wa jama'a sabuwar waƙa sai kun kai kalmominta wurin Fada ko katikis an duba, gama ba kowace waƙa mai kyau ce ta dace da Mas ba. Wata wurinta taron matasa ne, wata bikin aure, wata gayya a gona. Game da kayan kiɗa kuma, mu yi haƙuri da juna. Akwai dattawan da suka bar bori suka bi Kristi, waɗanda jin garaya yakan tuna musu da abin da suka baro. Kada mu sa su tuntuɓe saboda gaggawarmu. Mu fara da ganga da kalangu da tulu, abin da ya rage mu bar wa Bishop da masu ba shi shawara.

'Yan'uwa, Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ƙafafunsu cikin turu, sauran 'yan sarƙa suna saurare. Kafin gari ya waye, mai tsaron kurkukun da iyalinsa duka sun karɓi baftisma, shi da kansa ya wanke musu raunukansu. Mu ma ana sauraronmu. Bari wanda ya wuce ta bayan majami'armu ya ji abin da zai sa ya ce, mutanen nan suna tsoron Allah, suna kuma nufin kowa da alheri.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka sa waƙa a bakin baiwarka Maryamu, ka tsarkake leɓunanmu. Ka ba mawaƙanmu hikima, ka ba matasanmu himma, ka ta'azantar da masu makoki, ka kawo salama a ƙasar Katsina. Ka sa abin da muke rerawa ranar Lahadi ya zama abin da muke aikatawa sauran kwanakin. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sisiliya Mai Tsarki, ki yi addu'a dominmu.